Telan da ya ba Bos murya: yadda mugun wasan rediyo ya fi ƙarfin masu shi a Damagaram

Wannan rubutun a kan wani tela ne a nan Damagaram, saurayi da bai kai shekara 30 ba, wanda ya ba da muryarsa aka yi mugu da ita a wani wasan kwaikwayo na rediyo, daga baya mugun ya biyo shi har shago, har gidan da yake neman aure. Ba zan kama sunansa ba, haka gidan rediyon da ƙungiyar wasan, wanda ya sani ya sani. Zan dinga ce masa Tela, mugun kuma in ce masa Bos yadda muka saba kiran babban mugun fim. Zan jero abin daki-daki yadda ya faru, ra'ayina kuma sai can ƙarshe.

## Yadda garin yake kafin wasan

Damagaram ba yau ta fara wasan kwaikwayo ba. Muna da wasan kara, inda talaka zai yi shigar sarki ko gwamna ko wani babban soja ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa a bainar jama'a a yi ta dariya, muna da tashe cikin azumi, sannan zamanin Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987, samariya ta riƙe wasan kwaikwayo da ƙarfi, su Yazi Dogo kuwa daga garin nan wasanninsu suka karaɗe ƙasa. Iyayenmu a wannan suka tashi. Mu kuma fim ɗin Indiya da na Cana da na Kano muka tarar, na bayanmu sai waya, fassarar Indiya-Hausa a kart memwar da guntayen bidiyo a WhatsApp da TikTok.

Sai maganar fada da pale. Fada kowa ya san ta, wurin zaman samari ne, shayi da karta da hira har tsakar dare, kuma yawancinsu ba su da laifin komai sai rashin aikin yi. Pale ita ce ta wuce nan, ɗaga ƙarfe, faɗan unguwa da unguwa, wani lokacin har da adda. Abin da ya shafi rubutun nan shi ne sunayen da suke raɗa wa kansu, daga fim ko waƙa ko duk wani suna da aka ji yana da ban tsoro. Aicha Macky, 'yar garin nan, ta nuna haka a fim ɗinta na 2021 da ta ɗauka a Kara-Kara, akwai pale mai suna Hitler har da tutarsa, kuma yaran a zatonsu wani jarumi ne na Amurka da ba a cin sa da yaƙi. Ba ruwansu da abin da ya aikata a Jamus, sun dai ji sunan yana da kwarjini. To a cikin wannan garin aka saki Bos.

## Tela da ƙungiyarsu

Shagon Tela ba shi da nisa da kasuwar Dole, keke biyu ne, shi da yaro ɗaya mai koyo, ɗinkin mata ya fi yi. Ya yi lakwal ya tsaya a kolej. Mutum ne mai sanyi wanda ko kuɗin ɗinkinsa kunyar tambaya yake, siriri, gajere, amma Allah ya ba shi wata irin murya mai kauri da in ka ji shi a waya sai ka rantse ƙato ne. Wannan muryar ce ta sa wani abokinsa ya ja shi cikin ƙungiyar wasan, wadda malaman makaranta ne da 'yan jami'a da mata biyu.

Wani proje mai aikin faɗakar da matasa kan tashin hankali ya ba su kuɗi su yi wasa kashi 26, kashi ɗaya kowane sati, minti 25. Kowane ɗan wasa jika biyu a kashi.

## Kashi na 1 zuwa na 8: lokacin sanyi, farkon 2023

Labarin mai sauƙi ne. Bos uban gidan 'yan ruwa-ruwa ne, yana da yara masu shigo da mai daga boda, yana karɓar kuɗi hannun masu tireda da sunan gadi, wanda ya ƙi a fasa masa. Jarumin kuma wani yaro ne da ya gama karatu ya ƙi shiga harkar, yana ta jawo hankalin abokansa.

Jarumin nan duk lokacin da ya buɗe baki sai ka ji kamar ana karanta sanarwar ma'aikata, "ya kamata mu matasa mu rungumi zaman lafiya", irin wannan. Bos kuwa marubucin ya zuba masa duk fasaharsa, habaici, karin magana, kirari, in zai shigo sai an buga masa ganga sau uku, mai haɗa sauti ya ƙara masa amsa-kuwwa, kuma kowane kashi da dariyarsa ake rufewa. Dariyar nan Tela ne ya ƙirƙiro ta da kansa, a hankali take farawa daga ƙirji sai ta katse bagatatan. A kashi takwas ɗin nan ba a taɓa kama Bos ba, ba a taɓa mayar masa da magana ba, duk wanda ya ja da shi ya kwana ciki.

Kafin kashi na 5 yara sun fara dariyar a hanyar lakwal. 'Yan kabu-kabu suka sa ta ƙarar kira a waya. Ƙungiyar ta yi murna, proje ya yi murna, wasa ya karɓu. Wajen kashi na 7 wata fada ta goge sunanta a bango ta rubuta sunan Bos da baƙin fenti, kuma ba a yi sati biyu ba wasu daga cikin yaran wurin suka je teburin wani mai shayi da dare suka ci burodi da ƙwai suka sha, da ya tambayi kuɗi ɗayansu ya faɗa masa maganar da Bos ke faɗa wa masu tireda, kalma da kalma, sauran suka yi dariyar suka tafi. Ba a taɓa lafiyarsa ba, kuɗin ma ba su da yawa, amma labarin ya zaga unguwa har ya kai ga mai unguwa, shi kuma ya aika gidan rediyon.

Shi kuma Tela tasa matsalar ta wani ɓangaren ta ɓullo. Tunda rediyo ne ba wanda ya san fuskarsa, sai ran da wata Hajiya da ta daɗe tana kawo masa ɗinki ta yi wata magana ya yi dariya, ta tsaya ta dube shi ta ce dama kai ne? Ta naɗe atamfarta ta fita. Daga nan magana ta bazu cikin mata, wasu suka zo don su ga Bos da idonsu, wasu kuma suka ɗauke ƙafa, kuma waɗanda suka ɗauke ƙafar su ne masu biya.

Mafi zafi ita ce ta gidan yarinyar da yake nema. An riga an kai gaisuwa, an karɓa, ana maganar sa rana bayan salla, sai mahaifinta ya aiko ƙanensa ya ce a dakata. Baffan yarinyar ya faɗa wa kawun Tela cewa Alhaji ya san wasa ne, ba yaro ba ne shi, abin da yake tambaya shi ne wanda ya iya wannan dariyar da wannan baƙar maganar har jikin mutum ya yi sanyi, a ina ya samo su in ba a cikinsa suke ba.

Wannan ba a kansa aka fara ba. A Indiya ana cewa Pran, wanda ya shekara da shekaru yana fitowa mugu, sai da iyaye suka daina sa wa 'ya'yansu sunansa. A Kano marigayiya Saratu Gidado, Daso, da muguwar mace jama'a suka san ta, abokan aikinta kuma da raha da barkwanci. Ɗaya fuskar ma tsohuwa ce, Gabbar Singh na fim ɗin Sholay na 1975 ɗan fashi ne mai kisa ba tausayi, amma ya samu farin jinin da Amjad Khan ya koma cikin shigarsa yana tallar biskit ga yara. Tela dai duka biyun suka haɗe masa lokaci guda, manya na gudunsa yara na bin sa.

## Kashi na 9 da na 10: sanarwa

Abu na farko da aka gwada shi ne gargaɗi. Kafin wasa mai gabatarwa ta karanta cewa wannan ƙagaggen labari ne, halin Bos abin ƙyama ne, ɗan wasan da ke yin sa mutumin kirki ne. Bayan wasa kuma aka ƙara minti 15 na tattaunawa da wani malami, a buɗe layi jama'a su kira.

Ba abin da ya canza. Yaran da ake wa gargaɗin ba a rediyo suke jin wasan ba, wani ne ke naɗa a waya ya yanko wuraren Bos kawai, minti biyu minti uku, ya watsa a gurup, sanarwar da malamin duk a nan ake zubar da su. Masu kiran waya kuwa in an ba su layi sai su gaida malam a gurguje su ce don Allah a gaida mana Bos. Amurkawa sun gwada irin wannan tun 1932, da aka tilasta wa masu fim ɗin Scarface su manna rubutun Allah wadai da 'yan daba a farkonsa, kuma ko da aka sake yin fim ɗin a 1983 Tony Montana ɗin da aka harbe a ƙarshe shi ne mawaƙan rap suka mayar gwarzonsu.

## Kashi na 11 zuwa na 14: azumi, Bos ya tuba

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, sai marubucin ya ga dama ta samu. Bos ya yi mafarkin kabari, ya farka yana salati, ya tara yaransa ya yi musu wa'azi, ya fara raba kunu a masallaci. Cikin kashi ɗaya aka yi duk wannan, sauran ukun kuma yana ta nasiha.

Wannan ya fi na farko lalacewa. Yaran fada suka ce an sayi Bos, masu proje sun ba da kuɗi an lalata musu mutum, suka daina sauraron sababbin suka koma kan tsofaffin takwas ɗin, har masu turin fim a kasuwa suna haɗa su wuri ɗaya suna tura wa mutane. Manya kuma ba su yarda ba, kowa ka tambaya sai ya ce tuban muzuru ne, mutumin da ya fasa shagunan mutane ya sa aka karya ɗan wani, bai biya kowa ba, bai je ya nemi gafarar kowa ba, kawai ya yi mafarki shikenan? Wata tsohuwa ta kira gidan rediyon ta tambaya ina aka baro matar nan da aka ƙona wa rumfa a kashi na 4, ita ba ta da labari ne? Marubucin ma ya manta da ita.

A gidan su yarinyar ba abin da ya motsa. Salla ta zo ta wuce ba a sa rana ba.

## Kashi na 15 zuwa na 17: Tela ya ajiye

Bayan salla kawunsa ya zaunar da shi ya ce ya zaɓa, ko aure ko wasa. Ya ajiye wasan. Aka ba wani ɗan jami'a, aka ce Bos ya yi rashin lafiya ne muryarsa ta canza.

Ba wanda ya yarda da wannan. Abin da ya biyo baya kuma ba wanda ya hango shi, yaran fadar nan suka gano shagon suka fara zuwa roƙonsa ya dawo, su biyar su shida su cika bencin ƙofar shago tun hantsi, da askinsu da damatsansu, suna ce masa Bos, suna ce masa ya yi musu dariyar sau ɗaya kawai. Shi kuma ba zai iya korarsu ba, tsoro ɗaya, kunya ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya akwai ɗan jin daɗi a ciki, mutumin da tunda yake ba a taɓa tashi an ba shi wuri ba yau ƙarti na rusuna masa. Matan da suka rage suka ƙara raguwa, wace mace za ta ratsa wannan taron ta shiga a gwada ta? Baffan yarinyar ya wuce a kan babur ya gan su, ya je ya faɗa wa wansa cewa ai abin ma ya wuce wasa, yaron yara gare shi.

Nan ƙungiyar ta nemi hutun sati uku.

## Shigowar tsohon mushe

Ɗaya daga matan ƙungiyar ce ta kawo shawarar a je wurin wani dattijo a Birni, tsohon malamin makaranta da ya yi wasan kwaikwayo zamanin samariya. Aka kai masa duka 17 ɗin a waya, ya ce a ba shi kwana uku.

Da suka koma bai yi musu faɗa ba. Ya sa marubucin ya ɗauki agogo ya ƙirga minti nawa Bos ke magana a kashi na 6, aka samu ya haura rabin wasan, mutanen da ya zalunta duka a haɗe ba su kai minti uku ba, kuma a cikin ukun ma kuka suke ko roƙo. Sai ya tambaye su, in kai yaro ne ɗan 17 ba ka da ko dala a aljihu, a cikin mutanen wasan nan wa kake so ka zama?

Sannan ya kawo musu maganar tatsuniya, wadda a wurina ita ce ta warware komai. Ya ce Kura tana da ƙarfi tana da ban tsoro, amma wawuya ce mai kwaɗayi, kullum a kunyace take ƙarewa, shi ya sa ba yaron da zai yarda a kira shi Kura. Gizo kuma maƙaryaci ne macuci amma ƙarami ne ba shi da ƙarfi, wayonsa ne makaminsa, shi ya sa ake yafe masa, kuma shi ma sau da yawa wayon nasa kansa yake komawa. Kakanninmu ba su taɓa haɗa wa mutum ɗaya ƙarfin Kura da wayon Gizo su sake shi ba tare da ya ji kunya ba, ku kuma kun haɗa masa, kun ƙara masa ganga.

Marubucin ya ce to a kashe shi. Dattijon ya ce in kuka kashe shi yanzu yana kan ganiyarsa kun gama yi masa gata, gobe za ku ga an rubuta Allah ya jiƙan Bos a bayan kabu-kabu. Ya juya wurin Tela ya ce ɗana kai za ka koma, da bakinka ka ɗaga shi da bakinka za ka sauke shi. Tela ya ce Baba an ce in zaɓa tsakanin wasan da aure. Dattijon ya ce bar mini kawun naka, ɗalibina ne.

## Kashi na 18 zuwa na 26: damina

Abu na farko, aka karɓi maganar da jama'a suka riga suka yanke, aka nuna tuban ƙarya ne, dama ya yi ne don jandarmomi su ɗauke ido daga kansa. Masu sauraro suka ji daɗi don an ba su gaskiya, yaran fada ma suka dawo suna murna Bos ɗinsu ya dawo. Sati biyu aka bar su da wannan murnar.

Ana cikin haka aka cire gangar shiru ba sanarwa, aka cire amsa-kuwwar, aka daina rufe wasa da dariyarsa. Sai a kashi na 20 jarkokin mai suka kama wuta a hanya, ɗaya daga yaransa, wanda ya fi kowa biyayya, ya ƙone. Aka kai shi likita aka rubuto ordonas, wato takardar magani, abokansa suka je wurin Bos neman kuɗin magani, ya ce su fara lissafa masa man da aka yi asara tukuna. Kashi na 21 kusan gaba ɗayansa uwar yaron ce, ba kuka take ba, lissafi take yi da baki, abin da ta sayar, akuyarta, tabarmarta, bashin da ta ci, sannan ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Bos. Da ya ji sallamarta sai ya shige bayi ya ce wa matarsa ta ce ya tafi Maigatari, matar ta fito ta ce wai ya ce in ce miki ya tafi Maigatari. Tsohuwar ta shimfiɗa ɗankwali a ƙofar bayin ta ce za ta jira ya dawo daga Maigatarin. Minti shida ana jin sa ciki yana fama da sauro yana raɗa wa matar ta kore ta.

Wannan guntun ya yi yawo a waya fiye da duk wani abu da wasan ya taɓa fitarwa, kuma masu yankan ba yadda za su yi su cire kunyar su bar Bos, don kunyar ce abin dariyar.

Daga nan aka fito da wanda ke samansa, wani Alhaji mai kuɗin da Bos ke juyawa, kuma a gabansa muryar nan mai kauri sai ta koma siririya, ranka ya daɗe, Allah ya huci zuciyarka, a ƙara mini sati ɗaya. Tela ya iya wannan ƙwarai, wlh har ya fi iya ta a kan ta tsoratarwar. Dariyar ma ba a jefar da ita ba, sai aka dinga sa ta inda ba ta da wuri, ya yi ta ba wanda ya tanka, ya yi ta tari ya sarƙe shi, wata rana ƙaramar 'yarsa ta kwaikwaye shi a gaban baƙi. Matar rumfar kashi na 4 ita ma aka dawo da ita, ita ce ta tara masu tireda suka daina biya gaba ɗaya rana guda. Jarumin mai wa'azi kuwa a hankali aka tura shi karatu Yamai, ba wanda ya tambayi inda yake.

Akwai abin da ya taimaka wanda ba su suka shirya shi ba. A 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Najeriya, farashi ya yi tsalle a can, ribar ruwa-ruwa ta karye a nan, yara da yawa da ke wannan harkar suka ga yadda iyayen gidansu na gaske suka yi da su da abu ya ƙi. Da wasan ya nuna Bos yana lissafin jarka yaronsa na kwance, ba sabon labari aka ba su ba.

Masu proje da farko ba su so ba, wai an mayar da maganar tashin hankali abin dariya kuma saƙonnin da aka rubuta a takardar yarjejeniya ba sa fitowa. Aka daidaita a kan a bar musu minti biyu a ƙarshe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aikin ya tsaya sati biyu, kashi uku na ƙarshe a waya aka ɗauke su cikin wani ɗaki da aka rataye barguna.

Saboda Tela kansa aka yi abu biyu. Aka ba shi rawa ta biyu a wasan, wani mai shayi mai yawan surutu da kowa ke cin bashinsa, sannan a ƙarshen kowane kashi kowane ɗan wasa ya faɗi sunansa da sana'arsa da muryarsa ta yau da kullum, ya ce ni ne na yi wane da wane. Sai kuma wasan fili da aka yi a harabar wata makaranta bayan an gama, dattijon da kansa ya je ya gayyato baffan yarinyar ya zaunar da shi a gaba. Da aka kira Bos sai ga ɗan siririn mutum da tef ɗin awo a wuya, wurin ya kece da dariya tun kafin ya yi magana, ya yi Bos, ya juya ya yi mai shayi, ya yi tsohuwar, ya kwaikwayi dattijon ma da ke zaune.

## Inda abin ya tsaya

Zaman benci ya mutu da kansa tun wajen kashi na 22. Sunan da ke bangon fadar nan ba wanda ya sa su, da kansu suka shafe, don sauran fadodi sun fara tambayarsu yaushe za su dawo daga Maigatari. Sun sa wani sunan, shi ma daga wani fim. Guntayen farko har yanzu suna cikin wayoyin mutane, ba a iya janye su.

An ɗaura auren bayan kaka. Alhaji mahaifin yarinyar ya sa sharaɗi ɗaya, kada ya ƙara fitowa a mugu, kuma ya amince. Yawancin matan sun dawo da ɗinkinsu, Hajiyar farko dai ba ta dawo ba. Mai shayin da aka ci wa burodi da ƙwai ba wanda ya biya shi.

## Ra'ayina

Sanarwar nan ba don yaran aka yi ta ba, don a samu abin nuna wa mai unguwa da abin rubutawa a rahoton proje aka yi ta, kuma ina ga su kansu sun sani. Tuban ya faɗi ne don an ba Bos aljanna kyauta ba a tambayi waɗanda ya zalunta ba, mutanenmu kuwa sun san haƙƙin wani ba ya faɗuwa da mafarki, tsohuwar da ta kira waya ta fi marubucin fahimtar wasansa. Janyewar Tela kuma ta bar Bos a daidai inda ya fi ƙarfi, ta maida shi abin kewa.

Abin da ya yi aiki shi ne an taɓa ainihin abin da yaran ke so a jikinsa. Ba zaluncin ne ya burge su ba, kwarjinin ne, a ce ka shigo wuri a yi tsit, abin da yaron da ba shi da aiki ba shi da kuɗin shayi ba ya samu ko a gidansu. Da aka nuna musu mai kwarjinin yana ɓuya a bayi don tsoron tsohuwa, kuma kuɗin da yake taƙama da su na wani ne, sai sunan ya zama kaya. Amma kada a zuzuta, ba a gyara yaran ba, sunan kawai suka canza, kuma ba don karyewar ruwa-ruwa ta zo a daidai lokacin ba ina shakkar abin zai kama haka da sauri.

Alhaji ban yarda da shi ba, wanda ya iya kwaikwayon mugu kunne gare shi da lura, ya ga irinsu ne a kasuwa kamar yadda kowa ya gani, shi dai ya iya maimaitawa. Sharaɗin nasa ya raba garin da ɗan wasan da ya fi kowa iya wannan fannin. Sai dai ba zan ce dattijon banza ba ne, a watannin farko abin da ya ji a rediyo da abin da ƙanensa ya gani a ƙofar shago duk sun ba shi dalili.

Wanda na fi ɗora wa nauyi marubucin ne da waɗanda suka karanta rubutun suka sa hannu. Shi ya zaɓi wa zai ba daɗin baki, wa zai ba ganga, wa zai bari ba suna ba labari, amma shi ba wanda ya san muryarsa, ba wanda ya fasa kawo masa aiki, wanda aka biya jika biyu a sati shi ya kusa rasa mata da shago. Yanzu haka marubucin yana Maraɗi yana rubuta wa wani proje wasa a kan auren dole, kuma an ce mini mugun uban da ya sa a ciki shi ma ya fara tara masoya.